An sauke tukunya, ke ake jira

Salama gare ki ƙanwata, da dukan 'yan'uwa da ke nan.

Tun shekaranjiya na ga tambayarki. Na karanta na ajiye waya, can da dare na sake ɗauka na karanta. Kin ce a gidan masu bi aka haife ki, an yi miki baftisma, shekara shida kina cikin mawaƙa, amma ranar da fasto ya yi wa'azi a kan gayyatar da Allah yake yi mana mu zauna tare da shi har abada, sai kika rasa amsar da za ki ba kanki, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba. Kin kuma ce akwai abin da kika aikata wanda ba za ki iya faɗa a nan ba, saboda shi kin daina cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Yesu, kusan shekara biyu, kina tambaya ko ki dakata sai kin gyara rayuwarki tukuna. Kada ki faɗe shi a nan, ba ma bukatar ji. Ni ba fasto ba ce, ban taɓa zama a makarantar Baibul ba. Amma hanyar nan da kike kai na taka ta da ƙafata, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni 'yar ƙasar Tangale ce. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Kaltungo a 1917, kakana kuwa yana cikin samarin da suka ba da gaskiya a shekarun da suka biyo baya. Babana ya sha ba mu labarin cewa bayan tubansa, 'yan'uwansa sun daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi, sai a zuba masa nasa daban a tura masa gefe. Shi ya san ranar da ya amsa kira, domin ya biya kuɗinta. Babana ya zama dattijon ikkilisiya, kowace asuba yana karanta mana tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar nan ta 1932, mai baƙin bango wanda ya sha ɗinki. Ni kuwa na tashi na tarar da bangaskiya a gidanmu kamar yadda na tarar da rumbu da turmi. Na haddace ayoyi a makarantar Lahadi, na shiga ajin baftisma tare da sa'o'ina, aka nutsar da mu a rafi rana ɗaya. Da wani ya tambaye ni a lokacin ko na karɓi Yesu, da na ji haushinsa.

Da na yi aure muka koma birni, sai na shiga zumuntar mata, kuma hannuna ya faɗa a girki. Duk bikin da za a yi a majami'armu, ko aure ko godiyar girbi ko taron farkawa, ina bayan gida tun kafin gari ya waye. Wadda ta taɓa yin wannan aiki ta san abin da nake faɗa. Manyan tukwane a kan duwatsu, itace ɗanye yana hayaƙi yana cin ido, ki tuƙa tuwon shinkafa da muciya har kafaɗa ta ƙage, ki kwashe da mara, ki cika kuloli, 'yan mata suna ta ɗauka suna kaiwa gaba. Daga inda kike kina jin ganga da guɗa, kin san an shigo da amarya, amma ba ki gan ta ba. Kafin ki ankara yamma ta yi, an watse, ƙamshi ya cika miki ciki, sai ki kankare ƙanzo ki ɗan tauna a tsaye, ki wanke tukwane ki tafi gida. Shekara da shekaru haka nake yi, kuma ina jin daɗin a ce wance ce ta dafa.

Sai maigidana ya rasu. Ba zan ja maganar ba. Rikici ya tashi a kan gidan da muke ciki, faccalata, matar wan mijina, ta faɗi wata magana a kaina a gaban dangi, maganar da har yau ba na so in maimaita. Na ƙulle ta a ciki. Muka shiga gaba, kuma majami'a ɗaya muke. In ta zauna dama, ni hagu. A wurinmu Lahadi ɗaya a wata ake yin jibi, bayan an tashi sujada masu baftisma su tsaya. Da zarar na ga dattawa sun kawo tire an yaye farin ƙyallen nan, sai in ɗauki jakata in sulale, kamar akwai abin da na bari a wuta. Na gaya wa kaina cewa tsoron Allah ne ya hana ni, ai manzo Bulus ya ce kada a ci da rashin cancanta. Shekara uku ina haka. Girki kuwa ban fasa ba, na ma ƙara himma, domin a can ƙasan zuciyata ina lissafi cewa wahalar da nake sha a bakin murhu tana rage mini wani bashi.

Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, duk Kaka muke ce mata, ba ta iya karatu ba, ta kuma riga mu gidan gaskiya yanzu. Ranar wani biki, wajen la'asar, ina durƙushe ina kankare tukunya, sai na ga ƙafafunta a gabana. Ta riƙo faranti da shinkafa da nama, an rufe da wani farantin. Ta ce, “'Yata, tashi ki wanke hannu.” Na ce, “Kaka, na ƙoshi, bari in gama.” Ta ce, “Ba ki ƙoshi ba, ƙamshi kika sha.” Ta jawo kujerar tsuguno da ƙafarta, ta tsaya a kaina sai da na zauna na fara ci. Sa'an nan ta rage murya ta ce, “Ina ganinki ranar jibi. Haka kike yi wa Ubangijinki. Kina yi masa bauta a bayan gida, ya ce ki shigo ki ci, kina cewa bari in gama.” Ta juya ta tafi da sandarta. Loma ta tsaya mini a maƙogwaro, hawaye suna ɗiga a cikin shinkafar.

Daren nan na buɗe Luka sura 14, daga aya 15 zuwa 24, misalin babban biki. Na san shi tun ina yarinya, amma ban taɓa lura cewa gayyata biyu ce a ciki ba. Mai gida ya riga ya gayyaci mutane tun farko, sun kuma san da bikin. Da abinci ya nuna sai ya aiki bawansa ya ce musu su zo, an gama shirya kome. Daidai yadda muke yi. Kati ko goro ya riga ya zaga tun da makonni, kowa ya ce Allah ya kai mu, sa'an nan ran biki a tura yaro ya ce an ce ku zo, an sauke. Mutanen da suka ƙi zuwa ba baƙi ba ne, masu kati ne a hannu. Ni ce nan. Katina yana aljihu tun daga zamanin kakana, amma da yaro ya zo kira sai na ce ina da uzuri.

Ki dubi uzurorin kuma. Ɗaya ya sayi gona zai je ya gani. Ɗaya ya sayi shanun huɗa guda goma zai je ya gwada su. Ɗaya ango ne. Babu mai cewa zan je sata ko zan je mashaya. Gona da shanu da aure duk albarka ce, da su muke zuwa godiya a gaban majami'a. Wannan ya tsorata ni ƙwarai, domin na gane ashe abu mai kyau ma yana iya tsare mutum a ƙofa. Nawa uzurin ya fi nasu kyan gani, tun da aikin Ubangiji ne. Naki kuma, ƙanwata, in kin yarda in faɗa miki gaskiya, shi ne “bari in gyara tukuna.” Yana kama da tawali'u, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Amma ƙarshensa ɗaya ne da na mai gona, kujera ta zauna babu kowa.

Su wa aka cika gidan da su? Matalauta, da musakai, da makafi, da guragu, daga titi da lungu. Da aka ce har yanzu da sauran wuri, sai mai gida ya ce a fita bayan gari, kan hanyoyi da bakin shinge, a matsa wa mutane su shigo. Na daɗe ina tunanin wannan matsawar. A ganina ba ta ƙarfi ba ce. Mutumin da ya kwana a bakin shinge, in ka ce masa mai kuɗin garin nan yana kiransa cin abinci, zai dubi jikinsa ya ce ba dai ni ba, ka yi kuskuren mutum. Dole ka riƙe hannunsa ka ce kai ɗin dai. Abin da Kaka ta yi mini ke nan da ta tsaya a kaina.

Na san abin da zai zo miki a rai, domin ya zo mini. A Matiyu 22 akwai makamancin wannan misali, inda sarki ya shigo ya ga wani ba shi da rigar biki, aka fitar da shi waje. Za ki ce to ai ga shi, sai da kaya masu tsabta. Mu mata mun san zafin wannan fiye da kowa. Sau nawa mace ta ƙi zuwa bikin ƙawarta domin ba ta da kuɗin anko, ta ce ciwon kai ne ya hana ta? Amma ki bincika ki ga wa yake ba da rigar a cikin Littafi. A Ishaya 61:10 mai maganar ya ce Allah ne ya sa masa tufafin ceto, ya yafa masa rigar adalci. A Zakariya sura 3, Yoshuwa babban firist yana tsaye a gaban mala'ikan Ubangiji da ƙazaman tufafi, Shaiɗan yana tsaye a hannun damansa yana ƙararsa. Ba a ce masa je ka wanke ka dawo ba. Umarni aka bayar a tuɓe masa su, aka ce an kawar da laifinsa, aka sa masa masu kyau. Mai biki ne yake raba ankon, Ɗansa ya biya kuɗinsa a kan gicciye. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ki shigo ki ce naki zanen ya isa. Wadda kuma ta tsaya a gida tana ta wankin tsummanta domin ta cancanta, ita ma a kan zanenta take dogara, ko da kuka take yi.

Ayar da na ɓuya a bayanta shekara uku, 1 Korantiyawa 11, na koma na karanta ta a hankali. Aya 28 cewa ta yi kowa ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Gwajin domin a ci ne. Laifin da Bulus yake tsawata wa mutanen Koranti kuwa yana nan a aya 21 da 22, masu hali suna riga cin nasu har wani ya bugu, marasa shi suna zaune da yunwa da kunya. Raina 'yan'uwa ne a teburin Ubangiji. Da na ga haka jikina ya yi sanyi, domin ashe ayar ba ta ce in gudu ba, cewa take yi in je in nemi faccalata.

Kin tambaya yaya ake karɓa. Zan gaya miki yadda nawa ya kasance, ba domin dole naki ya zama haka ba. Ba a taron farkawa ba ne, ba wanda ya ce a ɗaga hannu. A ɗakina ne, yara sun yi barci, ba wuta, sai tocilan. Na durƙusa a gefen gado na rasa irin addu'ar da na saba yi a gaban mata, mai jerin kalmomi. Abin da ya fito kawai shi ne, “Ubangiji, na gaji. Na tsani matar nan, ka sani. Ba ni da abin da zan kawo maka. In har da gaske ni kake kira, ga ni.” Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kira laifina da sunansa, ban ce rashin fahimta ba ne. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai riƙe Yahaya 6:37, inda Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, na ce ko zuciyata ta ji wani abu ko ba ta ji ba, shi ba ya ƙarya. Na kwanta na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Akwai ayar da muka saba karanta wa waɗanda ba su taɓa ba da gaskiya ba, Wahayin Yahaya 3:20, inda Yesu yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Ki duba wa aka rubuta wa. Ikkilisiyar Lawudikiya ce, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, masu baftisma, masu sujada. Garin masu dukiya ne, har da girgizar ƙasa ta rushe shi wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, da kuɗinsu suka sake gina shi ba su karɓi taimakon Roma ba. Ikkilisiyar ta ɗauki halin garin, tana cewa na wadata, ba na bukatar kome. Ubangijin ikkilisiya kuma yana waje. Saboda haka kada ki ji kunyar cewa ke 'yar mawaƙa ce kina irin wannan tambaya, ga irinmu aka aiko da ayar. Abin da ya ce zai yi in an buɗe shi ne ya shigo ya ci abinci tare da mutumin, mutumin kuma tare da shi. Bai ce zai shigo duba shara ba. Mu da muka san nauyin sa hannu a ƙwarya ɗaya, mu da kakanninmu aka tura musu tasu ƙwaryar gefe, bai kamata wannan ya wuce mu haka kawai ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Bayan kwana huɗu na dafa kunun gyaɗa na zuba a fulas, na hau mota zuwa unguwarsu. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu ina juyawa. Da na yi sallama ta fito ta gan ni, ta tsaya riƙe da labule ba ta ce shigo ba. A tsaye na ce mata, “Yaya, na riƙe ki a zuciya shekara uku, na zo ki gafarce ni.” Ban ambaci abin da ta yi mini ba, ko da yake yana kan harshena. Ta ce, “Na ji,” ta karɓi fulas ɗin ta shige. Ke nan. Ba zan yi miki ƙarya in ce mun rungume juna muna kuka ba. Na dawo gida zuciyata tana zafi, amma nauyin nan ya sauka. Romawa 12:18 cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake wajenku, ku yi zaman lafiya da kowa. Nawa na kai. Ki lura kuma da jerin abin, domin nan ne amsar tambayarki take. Ban je wurinta domin a karɓe ni ba. Sai da aka karɓe ni na sami ƙafar zuwa. Shekara uku ina ƙoƙarin gyara kaina daga waje ban iya taka ko rabin hanyar ba.

Wannan ba ya nufin ki rufe abin da kika yi ki wuce kamar ba a yi ba. In akwai wanda kika cuta, za ki neme shi. In akwai inda ƙafarki take zuwa, za ki yanke. Ina kuma roƙonki ki sami maman fasto, ko wata babbar mace mai riƙe asiri, ki buɗe mata cikinki, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. In abin ya kai dattawa su sa ki a horo na ɗan lokaci, ki karɓa da hannu biyu. Na ga mata da yawa sun zauna a bencin baya wata shida, an dawo da su da waƙa, yau su ne ginshiƙan zumunta. Horo na 'yan gida ne. Wanda kika sa wa kanki shekara biyu a ɓoye ya fi shi tsanani, kuma ba shi da ranar ƙarewa.

Game da “har abada” ɗin da fasto ya ambata, ni dā ina ɗauka wani wuri ne da ake shiga bayan an rufe mutum da ƙasa. Yahaya 17:3 ya ce rai madawwami shi ne a san Allah makaɗaici na gaskiya, da Yesu Almasihu wanda ya aiko. Sani kuwa yau ake fara shi. Bikin auren Ɗan Ragon da Wahayin Yahaya 19:9 yake faɗa yana gaba, can ne zan sake ganin kakana da babana da maigidana da Kaka. Amma ɗan gutsuren gurasar nan da ƙaramin ƙoƙon da kike gudu, ɗanɗano ne daga tukunya ɗaya. Ina yawan tuna Mefiboshet, jikan Saul, a 2 Sama'ila sura 9. Tun yana ɗan shekara biyar ya gurgunce, da mai renonsa ta ɗauke shi a guje ya faɗi. Yana zaune a Lodebar sarki Dawuda ya aika aka kawo shi, saboda alkawarin da ya yi wa mahaifinsa Jonatan. Ya faɗi ƙasa yana kiran kansa mataccen kare. Surar ta ƙare da cewa yana cin abinci kullum a teburin sarki, kuma gurgu ne ƙafa biyu. Ƙafafun ba su miƙe ba, kujerarsa kuma ba a ba wani ba. Ni ma har yau akwai ranar da tsohuwar maganar nan take taso mini, in sake kai ta gaban Ubangiji.

Lahadin jibi da ya biyo bayan zuwana gidan faccalata, aka tashi sujada, hannuna ya kai kan jaka don sabo. Kaka tana benci na gaba, ba ta waiwayo ba, sandarta kawai ta miƙo baya ta tokare hanyar fita. Na zauna. Da tire ya iso gare ni hannuna yana rawa har na kusa zubar da ƙoƙon, dattijon da ya kawo ya tsaya ya jira ni bai ce kome ba. Bayan kamar wata biyar, wata safiya yaron faccalata ya yi sallama a ƙofata, ya miƙo mini fulas ɗina. Da na buɗe, kunu ne a ciki da zafinsa.

Har yanzu ina girkin biki, amma in an kai wa baƙi nakan wanke hannu in zuba nawa in zauna, in kuma tilasta wa 'yan matan da ke taya ni su zauna. Yau da dare, kafin ki kwanta, ki rufe ƙofa ki gaya masa abin nan da sunansa, ko da kalma biyar ce. Ki gaya mini kuma wace Lahadi ce jibi a majami'arku, ina so in tashi da asuba ranar in yi miki addu'a.